Dubu 85 ɗin Legas: wa ta shafa a cikinmu?

Isuhu Mai Gadi, Surulere:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah masu boko ku amsa min da Hausar da zan gane. Shekara guda ke nan da na ji a rediyo gwamna Sanwo-Olu ya ce mafi ƙarancin albashi a Legas ya koma naira dubu 85. Ni gadi nake yi a wani gida, shekarata uku a ciki, albashina dubu 40. Ni ne buɗe get, ni ne wankin mota biyu, ni ne tada janareto tsakar dare. Shekaranjiya na cije na yi wa maigidan magana. Yana tsaye da makullin mota a hannu, ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Aboki, kai ma'aikacin gwamnati ne?" Wai in lissafa ɗakin da nake kwana da wutar da nake sha. Ɗakin nan kuwa idan na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. To dokar nan ta shafe ni ko ba ta shafe ni ba? In ina da gaskiya in sake tunkararsa, in ba ni da ita in ja bakina in yi shiru.

Sagir Ɗan Kurna, Oshodi:
Wa alaikumus salam. Yaya Isuhu ja bakinka kawai. Kuɗin nan a rediyo ka ji su, a rediyo za su ƙare.

Barista Nura, Ikeja:
Malam Isuhu, sannu da haƙuri. Abu biyu ne mutane suke haɗawa. Dubu 85 da gwamna ya sanar a Oktoban 2024 na ma'aikatan gwamnatin jiha ne, albashin da ita jihar take biyan mutanenta. Wanda ya hau kan masu zaman kansu shi ne na tarayya, dubu 70, wanda Tinubu ya sa wa hannu a ƙarshen Yulin 2024. Kafin nan dubu 30 ne tun 2019.

Sai dai ko dubu 70 ɗin akwai waɗanda dokar ta tsame. Duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ya ciki. Wanda ake biya da kamasho ko da yawan abin da ya yi, ba ya ciki. Mai aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i da ɗan ƙwadagon gona na damina su ma haka. Kai maigida ne ya ɗauke ka kai tsaye, daga kai sai mai aikin cikin gida wataƙila, don haka ba zan ɓoye maka ba, dokar ba ta tilasta masa ba. Da ta hannun kamfanin masu gadi aka kawo ka, irin masu inifom ɗin nan da ke da ɗaruruwan mutane, to da sai mu yi wata maganar.

Isuhu Mai Gadi:
Ikon Allah. Wato gaskiyarsa ke nan da ya yi min dariya.

Barista Nura:
A doka, e. A mutunci, a'a. Amma abin da kuka yi alkawari a kai, ko da baki ne, haƙƙinka ne. In ya riƙe maka albashi ko ya kore ka ba sallama, akwai cibiyar sulhu ta ma'aikatar shari'a ta jiha, CMC ake ce mata, ba a biyan ko sisi.

Sagir Ɗan Kurna:
To Barista ka duba zauren nan kaf. Mai shayi, mai gadi, ɗan dako, ɗan garuwa, mai wankin takalma, mahauci, ni mai POS. Nuna min mutum biyar da ke aiki a inda ake da mutum 25. Hukumar ƙididdiga da kanta ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba a ofis ko kamfani suke ba. Aka yi wata da watanni ana kai ruwa rana da ƙungiyar ƙwadago, har aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya ranar yajin aiki, ashe duk a kan mutum ɗaya cikin goma ake yi. Amma da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, ba wanda aka tambaya mutum nawa ne a wurin aikinsa. Litar da ba ta kai naira 200 ba muka wayi gari tana neman 500, daga baya ta taɓa dubu. Wannan kam ta shafi kowa, har jinjiri.

Maman Walida, Idi-Araba:
Wallahi Sagir ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ranar da aka ce an ƙara albashi, mu da ba mu ga ƙarin ba mu muka fara biyansa. Mai gidan hayarmu ya aiko da takarda satin nan, mai kawo min gawayi ya ƙara, mai niƙa ya ƙara. Ni waina da tuwo nake sayarwa. In na ƙara naira hamsin a kan waina, ɗan dakon da ke cin biyar sai ya koma cin uku. Sannan aka zo aka hana farar robar zuba abincin nan mai kamar soso a Janairun 2024. Ban ce ba ta toshe kwata ba, ina gani da idona in an yi ruwa a layinmu. Amma wadda aka ce mu koma wa ta fi ta tsada nesa ba kusa ba, kuma daga ribata ake cirewa.

Alhaji Ɗanjuma, Mile 12:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ku yi haƙuri zan ɗan tsaya wa masu ɗaukar aiki, don ni ma ina da yara a ƙarƙashina. Jama'a suna ganin tirela ta sauke tumatir sai su ce Alhaji ya kwashe. Ba su san abin da motar ta ci kafin ta iso ba. Daga Kano zuwa nan ya haura kilomita dubu. Man dizal kaɗai ya isa ya sa mutum hawan jini. Kowane shinge sai direba ya miƙa, kowace jiha da rasit ɗinta, wani rasit ɗin ma ba ka san na waye ba. In mota ta lalace a Jebba ko Mokwa ta kwana biyu, rabin kwandunan ruwa za ka tarar. Yanzu a ce min kowane yaro sai na ba shi dubu 70 a wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba? Sai in sallami shida in bar biyu. Wa aka taimaka?

Barista Nura:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, ai kai doka ma ba ta neme ka ba. Yaranka da kwando ake biyansu, suna cikin waɗanda aka tsame.

Baba Tanko, Apapa:
Ɗanjuma, ni na girme ka, bari in faɗa maka abin da yaran nan za su ji nauyin faɗa. Ba albashi ne abin da ya fi damuna da 'yan dako ba. Ranar da jiki ya ƙi, ita ce abin dubawa.

Na shigo Ikko ina saurayi, na yi dako a bakin ruwa kafin in koma yaron mota. Abin da na gani a kasuwa bara har yau yana raina. Wani yaro, bai fi shekara ashirin da biyu ba, ya ɗauko buhun albasa daga kan mota, katakon da aka jingina ya goce saboda laka, ya faɗo buhun ya bi shi ta baya. Aka yayyafa masa ruwa, aka kira mai ɗori. Kwana uku yana kwance a bayan rumfa a kan kwali, ƙafafun ba sa motsi. A rana ta huɗu aka zaga da hula aka tara abin da aka tara, aka shimfiɗa shi a bayan tirelar da ta sauke kaya za ta koma arewa wayam. Ina tsaye aka ɗaga shi. Jakarsa leda ce baƙa, da riga biyu da cajar waya. Shi ke nan fanshonsa, shi ke nan inshorarsa. Wanda yake yi wa sauke kaya ba Bayarabe ba ne, ba Inyamuri ba ne, namu ne, tare muke sahu ɗaya a masallaci. Muna zagin gwamnati, amma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Alhaji Ɗanjuma:
Baba, na ji, kuma ban musa ba. Amma ka san ana taimakawa daidai gwargwado. Ba mu taɓa barin gawa ko majinyaci a yashe ba.

Baba Tanko:
Ana yi. Sadaka ce. Ni haƙƙi nake magana. Sadaka sai an ga dama.

Barista Nura:
Abin da Baba ya faɗa akwai doka a kai tun 2010, ta biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Hukumar NSITF ke riƙe da asusun, mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya. To amma sai wanda aka rubuta sunansa. Yaron da ba shi a takardar kowa, wa zai ce ma'aikacinsa ne?

Malama Rabi, Agege:
Yauwa Barista, ka kawo mu inda nake jira. Takarda. Ni a Agege aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana ne ya zo da fataucin goro. Na daɗe ina faɗa a zauren nan har an fara ce min 'yar gwamnati. Matsalarmu ita ce mutum zai shekara ashirin a Legas yana ce wa kansa ɗan ci-rani. Ba shi da katin LASRRA, wato katin rajistar mazauna jihar Legas, alhali kyauta ake rajistar, kuma ba a ce sai ɗan asalin jiha ba, mazaunin jiha aka ce. Katin zaɓensa na ƙauye. Lambar wayar da ke jikin NIN ɗinsa ta ɓace tun shekara huɗu. Sannan in an zo rabon wani abu ya ce an ware Hausawa.

Asusun LSETF da aka kafa a 2016 yana ba masu ƙananan sana'a bashi, abin da za a fara tambayarka LASRRA ne. Ilera Eko, inshorar lafiya ta jiha, kowane mazauni zai iya shiga. Ban ce aljanna ba ce. Amma gwamnati da lissafi take aiki, wanda ba ya cikin lissafi ba a yin kasafi da shi. Kullum muna cewa baƙo raɓa ne. To raɓar da ta shekara ashirin ba ta bushe ba ai ta zama rijiya.

Sagir Ɗan Kurna:
Anti Rabi, da girmanki, amma ranar karɓa ba a tambayar LASRRA. Ɗan agbero, wato ɗan kamashon tasha, bai taɓa cewa direba nuna katin zama ba kafin ya karɓi na lodi. A 2022 aka ce an haɗe harajin masu motar haya ya koma naira 800 a rana, ki tambayi kowane direban danfo ko 800 ɗin kaɗai yake biya. Mai tikitin kasuwa ba ya tambayar kati. Sai ranar bayarwa ake tuna ba mu da takarda. Kuma masu takardar me suka samu? Dubu 25 sau uku da gwamnatin tarayya ta ce za a ba gidaje miliyan 15, aka fara a ƙarshen 2023, kafin a je ko'ina aka dakatar da ministar jinƙai a Janairun 2024, shirin ya tsaya cak na wani lokaci. Wa ya gani a zauren nan? Ya ɗaga hannu.

Maman Walida:
Ni dai ban gani ba. Na ga dubu goman TraderMoni, bashin gwamnatin tarayya ga ƙananan 'yan kasuwa, a 2018, ita ma gab da zaɓe.

Isuhu Mai Gadi:
Ni an ce an zo garinmu an rubuta sunaye ina nan. Matata ta ce mai unguwa ya ce maigida ba ya nan, kuma ai yana Legas yana samu. A can ni ɗan Legas ne, a nan ni ɗan Jigawa ne.

Malama, ba wai ina ƙin maganarki ba ne. Amma bari ki ji yadda na zama mai gadi. Da acaɓa nake yi. Na ɗauki Boxer sabuwa a hannun wani mutumin kirki, biya kaɗan-kaɗan duk sati. A rana mai kyau ina tashi da abin da yanzu sai na yi kwana huɗu a bakin get ban same shi ba. Ina aika wa gida duk Juma'a, har na fara sayen bulo. Saura wata biyu in gama biya aka ce daga 1 ga Yuni 2022 an hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Mainland da Island. Na koma Mushin. Watan Satumba aka ƙara da Mushin ɗin, da Oshodi, Shomolu da Kosofe. Ina da lamba, ina da rigar ƙungiya, ina yankar tikiti kullum, duk takardar da aka ce in yi na yi. Wata safiya na sauke wata mata da kayan miya, ban ko juya ba na ji an zare makulli ta bayana. Aka jefa mashin ɗin a mota kan wasu. Daga baya a wayar wani na ga bidiyon injin yana murƙushe su kamar gwangwani. Ina ta kallo ko zan gane nawa. Sai da na shekara ina biyan bashin abin da aka riga aka niƙe.

Malama Rabi:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Malam Isuhu. Ban san wannan ba.

Alhaji Ɗanjuma:
Allah ya musanya. Amma a faɗi gaskiya, wasu yaranmu su suka ja. Bin hanya ta baibai, hawa babbar hanya, ɗaukar mutum uku, ga taron dangi in an yi hatsari. Asibitin ƙashi na Igbobi shaida ne. Kuma abin da ya faru a Lekki a Mayun 2022, da aka kashe wani bawan Allah aka ce 'yan acaɓa ne suka yi, shi ya tunzura gari.

Isuhu Mai Gadi:
Alhaji ban ce ba a yi laifi ba. A hukunta mai laifi. Ni abin da na kasa ganewa, an ce mu bari, to mu koma ina? Ba a ce kawo mashin a ba ka wani abu ba, ba a ce zo ka koyi tuƙin ƙaramar bas ba. Kano ma ta hana acaɓa a 2013, amma mutane sun samu sun koma A Daidaita Sahu. Abokan aikina wasu sun tafi Ogun, wasu sun koma gida, ga gidan ba lafiya, noman ma sai da izinin 'yan bindiga a wasu wuraren. Wasu suna nan suna wasan ɓuya da jami'ai.

Barista Nura:
Nan ne nake ganin kowa a cikinku yana da rabin gaskiya. Dokar da ke hanawa tana aiki nan take, don akwai mota da jami'i a bayanta. Haka aka yi wa masu tura kura da baro a 2018. Dokar da ke karewa kuwa sai ka bi ta da ƙafarka, da takarda a hannu. Ku ɗauki dokar haya ta 2011. Ta ce haramun ne mai gida ya karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, tarar dubu 100 ko ɗaurin wata uku. Amma ta ce wanda ya bayar ma ya yi laifi. To wa zai kai ƙara?

Sagir Ɗan Kurna:
Hahaha. Ni na biya shekara biyu, da na dillali, da na yarjejeniya, da wani wai na ko-ta-kwana. Ashe ni ma mai laifi ne. Barista kar ka tona ni.

Maman Walida:
Ku bar dariya, ni zan goyi bayan Malama a abu guda, don na gani a jikina. Shekara biyu da suka wuce Walida ta yi zazzaɓi har da sanƙarewa, ƙarfe ɗayan dare. Muka kai ta wani asibitin kuɗi a kusa, aka ce sai an ajiye dubu 50 kafin a taɓa ta. Ina riƙe da yarinya jikinta kamar garwashi, babanta yana ta buga waya. Kuɗin shinkafar wainar sati biyu na kwance daga bakin zani, sauran uwar adashinmu ta kawo da asuba. Sai da na yi wata uku kafin jarina ya dawo. Bayan nan Malama ta matsa min na yi Ilera Eko, mu huɗu. Bana da ƙaramin ya kwanta, kati na nuna aka duba shi aka ba mu magani. Ranar biyan kuɗin shekarar na ji zafi, ba zan yi ƙarya ba. Amma jarina bai motsa ba.

Baba Tanko:
To wannan magana ce. Ɗanjuma, ga inda nake so ka duba. Ba dubu 70 na ce ka biya ba. Ku shugabannin kasuwa kuna karɓar kuɗi a kan kowace mota da ta shigo. A ware wani abu a ciki a yi wa 'yan dako inshorar nan a dunƙule. Ba sai an jira gwamnatin jiha ko Abuja ba.

Alhaji Ɗanjuma:
Baba, yaran nan yau suna nan, gobe damina ta faɗi sun tafi. Wa za ka yi wa rajista? Amma zan kai maganar zaman shugabanni. Ban yi alkawari ba, don ba ni kaɗai ba ne.

Malama Rabi:
A fara da waɗanda suka shekara biyu ba su motsa ba, Alhaji, kun san su ai. Kuma akwai fanshon masu sana'ar hannu da aka buɗe a 2019, kana zuba abin da ka samu, wani kaso kana iya cira in buƙata ta taso, saura sai tsufa.

Sagir Ɗan Kurna:
Wannan kam a kai kasuwa. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. In zuba dubu yau in karɓi kuɗin ashana ina tsoho? Gara in sayi tunkiya in aika wa Inna, ko ba komai tana haihuwa.

Baba Tanko:
Ni tumakin na saya, ɗana. Dare ɗaya aka kore su.

Admin:
Jama'a an goge saƙo biyu da suka koma zagin jam'iyya da ƙabila. A tsaya kan magana. Masu tambayar sabon haraji kuma, Barista ka taƙaita musu.

Barista Nura:
A taƙaice: dokar harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda aka sa Janairun 2026 a matsayin lokacin fara aikinta, ta ce dubu 800 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba haraji a kai. Malam Isuhu, dubu 40 sau 12 dubu 480 ke nan, ba ruwanka. Sai dai ba wannan harajin ne yake cin irinku ba tun asali, na bakin titi ne.

Isuhu Mai Gadi:
Na gode Barista, na gode kowa. Aƙalla yanzu na san ba zan je masa da maganar doka ba, sai dai ta roƙo, ko in nemi kamfanin masu inifom in gwada. Malama, katin nan na LASRRA, me ake zuwa da shi?

Malama Rabi:
Ka je da NIN ɗinka da wata shaidar inda kake zaune, takardar kuɗin wuta ta gidan ta isa. Ka duba sakatariyar ƙaramar hukumarku. In kana so ranar da kake hutu in haɗa ka da ƙanena ya raka ka.

Isuhu Mai Gadi:
Hutu kuma? Sai dai Juma'a da yake ba ni awa biyu na masallaci. Takardar wutar ma a hannunsa take, sai na roƙa, kuma sai ya tambaye ni me zan yi da ita. Bari dai in ga fuskarsa yau. Ga hon ɗinsa nan, bari in buɗe get.